Sunan da Bajamushe Ya Bari

A gidanmu na Anguwan Rogo, ɗakin Kaka Hanne ne kaɗai ba ya rabuwa da wuta. Duk wanda ya zauna a Jos da damina ya san irin sanyin da nake nufi, wanda yake bin siminti ya hau ƙafa, ya sa yaro ya ƙi wanka sai an yi masa jan ido. Kaka tana da wani tsohon kasko da take cikawa da gawayi tun la'asar. Da an idar da magariba sai mu jikoki mu kewaye shi, ta tura dankalin Turawa cikin toka, ta ce kafin ya nuna za ta ba mu tatsuniya biyu, in ba mu yi faɗa ba ta ƙara ɗaya. Har yau in na ji ƙamshin dankalin da ya ɗan ƙone ta gefe, muryarta nake ji.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka yi rikici a gari, aka sa dokar hana fita. Kafin rana ta faɗi kowa ya shige gida, titin da ba ya rabuwa da ƙarar babura ya yi tsit. Maƙwabtanmu na jikin katanga, su Ladi, sun kwashe abin da za su iya ɗauka sun koma wajen danginsu a wata unguwa. Ladi ƙawata ce, Kirista ce, kuma tun muna ƙanana tana da wurin zamanta a gaban kaskon Kaka, kusa da ƙofa. Bayan tafiyarsu babu wanda ya zauna a wurin. Ba a hana mu ba, mu ne dai muka bar shi haka.

Wata ranar da almuru, ana yayyafi, muna zaune muna jiran dankali, sai na ji an kira ni daga bayan katanga. A hankali aka kira, yadda Ladi take yi in ba ta so mahaifiyarta ta ji.

"Na'am," na ce, na yunƙura zan tashi.

Kaka ta cafke mini wuyan hannu. Ban taɓa sanin tana da irin wannan ƙarfi ba.

"Rakiya, wa ya kira ki?"

"Ladi ce."

"Ladi tana ina?"

Gidan su Ladi a kulle yake da kwaɗo, ni da idona na gani. Sauran yaran suka ce su ba su ji komai ba.

Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta sake ni, ta gyara mayafinta, ta daɗe tana juya gawayi da tsinke. Sannan ta ce, "Ku matso. Ta yau ba tatsuniya ba ce, ba sai kun yi mata maraba ba. Da idona na ga wannan."

Ta ce mahaifinta, Malam Audu, daga ƙasar Kano ya zo neman aiki lokacin da ake tururuwar haƙar kuza. Ya yi leburanci, daga baya ya zama kukun wani Bature a wani bariki can bayan gari, inda babu komai sai duwatsu da ramuka. A nan aka haife ta. Baturen ba irin sauran ba ne, Bajamushe ne. Dogo ne siriri, yana jin Hausa amma a hankali yake maganarta, kamar mai taka ƙasa mai santsi. Ba ya zuwa wajen shaƙatawar Turawa, ba shi da mata, ba wanda yake kawo masa ziyara.

Sunansa ya gagari bakin leburori. Da suka juya shi suka juya, sai ya zauna musu a Rabanida. Abin ya zama wasa. In ya zo wucewa bakin rami sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Raba ka da me, Bature?" Shi kuwa sai ya yi dariyarsa marar sauti ya wuce. Sau ɗaya, in ji Kaka, ya tsaya ya ce musu, "Da surutunku." Aka yi ta maimaita wannan amsa a barikin har aka gaji.

Abin da mutane ba su so game da shi ba, hankaki ne. Kullum da yamma yakan fito da ragowar burodi ya watsa musu, har suka saba, suka riƙa jeruwa a kan kwanon gidansa tun kafin ya taso daga aiki. Ba sa kuka. Jeruwa kawai suke yi suna kallon hanya.

Wata rana Malam Audu ya yi ƙarfin hali ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mutane suna magana a kan tsuntsayen nan." Baturen ya ce masa ya zauna, abin da bai taɓa cewa ba. Ya ce a ƙasarsu akwai wani ɗan ƙauye a cikin duwatsu, mai sanyi kamar nan. Tun zamanin kakannin kakanni annoba ta shiga ta kwashe mutanensa, aka bar gidaje a buɗe, hankaki suka gaje wurin. Mutum ɗaya ne ya fito da rai. Da ya sauka wani gari aka tambaye shi daga ina, ya faɗa, sai aka riƙa kiransa mutumin kufan hankaki. Ma'anar sunan ke nan. Ya ce tun daga kan wannan mutum zuriyarsu ba ta taɓa yawa ba, kowane uba ɗa ɗaya yake bari. Shi ne ɗa ɗayan mahaifinsa, kuma ga shi ya fara furfura ba shi da kowa.

"Audu," ya ce, "in na mutu, babu wanda za a sake kira da wannan suna a duniya."

A lokacin mahaifiyar Kaka tana da tsohon ciki. Baturen ya roƙi alfarma: in namiji aka haifa, a bar shi ya ba yaron sunansa. Ba ya neman a canja masa addini, ba ya neman a ba shi yaron. Sunan kawai.

A nan Kaka ta dakata ta ciro dankali ɗaya, ta matsa shi da yatsa, ta mayar.

"Innarmu ta ƙi," ta ce. "Cewa ta yi, sunan da ya cinye mutanensa za ka ɗora wa jinjiri? Amma Baba mutum ne mai tausayi. Ya ce mata sunan yanka daban, laƙabi daban, laƙabi kuwa iska ce. Ya ce bai taɓa ganin namiji babba ya roƙi abu da irin wannan ido ba."

Aka haifi namiji, aka raɗa masa Umaru. Ranar suna Baturen ya zo ya tsaya can gefe da hularsa a hannu, har aka watse. Sannan ya nemi a ba shi jinjirin. Kaka tana tsaye kusa, ta ce yaron yana ta tsala kuka, Baturen ya sunkuya ya faɗi sunan nan a kunnensa, yadda su suke faɗinsa. Yaron ya yi shiru, ya buɗe ido ya zuba masa. Daga ranar leburori suka ɗauka, don abin ya ba su dariya. Umaru ya ɓace a bakin mutane, sai Rabanida ƙarami. Har Innarsu, da ta gaji da hanawa, ita ma wani lokaci bakinta yakan suɓuce.

Yaron ya fara tafiya ke nan yaƙin Turawa ya tashi a can ƙasashensu. Aka ce za a kwashe duk Jamusawan da ke ƙasar nan a tsare. Ranar da motar ta zo ɗaukarsa, aka tarar da gidan a buɗe, shayin da Malam Audu ya haɗa masa yana kan tebur bai taɓa ba. Aka bazu nema. A bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, aka ga hularsa da takalmansa, an jera su tsaf a kan dutse. Wasu suka ce dabara ce, ya gudu ta daji. Wasu suka ce yana ciki. Ramin nan babu wanda ya san zurfinsa, ruwansa kore ne, ko dutse ka jefa ba ka jin ya taɓa ƙasa. Ba a ga gawa ba, ba a kuma sake jin labarinsa ba.

"Hankakin suka yi kwanaki a kan gidansa," in ji Kaka. "Wata safiya muka tashi muka gan su a kan namu."

Daga nan yaron ya canja. Yana cikin wasa da almuru sai ya ɗaga kai ya ce na'am, alhali ba wanda ya yi magana. Sai ya miƙe ya nufi ƙofa. In aka riƙe shi ba ya kuka, tsayawa kawai yake yi yana kallon wajen ramin. Innarsu ta kai ga ɗaure ƙafarsa da zane a jikin tata in za su kwanta. Da rana kuwa Kaka ce mai renonsa, ita ma a lokacin ba ta wuce shekaruna ba.

Wata yamma Innarsu ta aike ta ɗebo itace a bayan ɗaki. Ta ce ba ta daɗe ba, amma da ta dawo babu yaro. Ba ta tsaya kiran kowa ba, ta san inda za ta. Ta ruga ta cikin duwatsu, ƙaya tana yankar ƙafarta. Ta hango shi a cikin ruwan, ya kai masa ƙirji, yana tafiya a hankali hannuwansa a miƙe, kamar yaron da ake ce wa taho.

"Na faɗa ruwan na kamo rigarsa. Ƙasan ramin gangare ne, ƙafata tana zamewa. Na ce masa, ina za ka? Ya ce, Yaya, ana kirana. Sai ni ma na ji."

Ɗaya daga cikinmu ya tambaya da ƙaramar murya me ta ji.

"Sunan. Daga tsakiyar ruwan, ƙasa-ƙasa. Ba da fushi ba, ba da mugunta ba. Yadda uba yake kiran ɗansa in abinci ya sauka. Wannan ne ya fi ba ni tsoro."

Ta ce ba ta san yadda ta fito da shi ba. Ta dai tuna tana jan sa a kan tsakuwa, tana faɗa masa a kunne, Umaru, Umaru, sunanka Umaru, har suka iso gida. A daren Malam Audu ya tara mutanen barikin ya roƙe su, don Allah kada wanda ya sake kiran ɗansa da wancan suna. Kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin Jos, ya kama sayar da shayi. Yaron ya yi ta zazzaɓi, ya warke, ya girma, ya manta.

Sai na ce, "Kaka, wane Umarun?"

"Umaru nawa kika sani ƙanena?"

Sai a lokacin na gane. Baba Umaru tela, wanda shagonsa yake bakin layinmu, mai ɗinka mana kayan salla yana ba mu ƙyallaye mu yi wa 'yar tsana riga. Mutum ne mai fara'a, amma duk unguwa an san shi da abu biyu. Ba ya bin hanyar da ta ratsa gada in akwai wata, kuma in ka kira shi ta baya ba ya waiwayowa, sai ka zagayo gabansa. Mu a da mun ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi.

Kaka ta raba mana dankalin, ya ƙone sosai a ranar. Ta ce duk wanda ya kuskura ya faɗi sunan nan inda Baba Umaru zai ji, ita da shi ne. Ba ta rufe labarin da komai ba, cewa kawai ta yi mu je mu yi isha'i.

Shekaru suka wuce. Na shiga jami'a, na kuma fara ɗaukar labarin a matsayin irin abin da tsofaffi suke shiryawa don yara su nisanci kududdufan kuza, waɗanda ba shekarar da ba sa cin rai. Har na ce a raina ma'anar sunan ma Kaka ce ta ƙirƙira, don hankaki su dace da labari.

Akwai wata malama 'yar Filato da take koyar da harsunan Turai, ta yi zama mai tsawo a Jamus. Wata rana na taya ta ɗaukar kayan miya daga kasuwar Farin Gada zuwa motarta, hira ta kawo hira, na tambaye ta ko akwai sunan Jamusawa mai kama da Rabanida. Ta yi dariya ta ce wannan ai Hausa ce. Na ce an ce ma'anarsa mutumin kufan hankaki.

Dariyar ta tsaya. Ta maimaita sunan a bakinta, tana canja masa sauti kaɗan-kaɗan. Sai ta sa yatsa ta rubuta a kan gilashin motar da raɓa ta lulluɓe: Rabenöder. Ta nuna mini gaɓar farko ta ce hankaki ke nan. Ta tsakiya, wurin da aka watse aka bari. Ta ƙarshe kuwa kamar yadda muke cewa Bakano ko Bazazzagi, wato mutumin wurin.

"Wa ya gaya miki wannan?" ta tambaye ni.

"Kakata. Ba ta taɓa shiga aji ba."

Ta ce duk zamanta a can ba ta taɓa haɗuwa da mai wannan suna ba. Bayan kwana biyu ta tare ni ta ce ta duba a kwamfuta, ta ga sunaye masu kama da shi, amma shi kansa ba ta sami mai rai da yake amsa shi ba. Ta ce irin sunayen ƙananan ƙauyukan nan sau da yawa gida ɗaya ne yake ɗauke da su, in gidan ya ƙare shi ke nan.

Da na koma gida na gaya wa Kaka. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi rauni, amma kaskon yana nan. Na zaci za ta ji daɗi an gaskata ta. Sai ta ce, "Ashe bai yi wa Babanmu ƙarya ba. To saura Umaru ke nan."

A daminar da ta biyo baya Baba Umaru ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka yi asibiti, aka dawo da shi gida. Idonsa a buɗe, yana numfashi, amma ba ya jin kowa. Matarsa ta kira, 'ya'yansa mata suka kira, limamin unguwa ya zo ya kira shi Malam Umaru har muryarsa ta dushe. Ko ƙifta ido bai yi ba. Da jikin ya yi tsanani, abin da ya fi damun kowa shi ne a samu ya ji a laƙƙana masa kalmar shahada. Ana faɗa a kunnensa, kamar ana magana da bango.

Wata rana da azahar, ana ruwa, Kaka ta ce in kama ta mu je. Ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin sai ni, don ni ce sandarta. Ta zauna a bakin katifa ta lalubo hannunsa. Ta kira shi Umaru, ta sake kira. Bai ko motsa ba. Sai ta sunkuya dab da kunnensa.

"Rabanida."

Idonsa ya juyo.

"Na'am," ya ce. Muryar ba ta dattijo ba ce. Siririya ce, ta ƙaramin yaro. "Yaya, ruwan da sanyi."

"Na sani. Ina riƙe da kai. Faɗi abin da zan faɗa."

Ta karanta masa kalmar shahada a hankali, ya bi ta gaɓa-gaɓa har ƙarshe. Bai sake magana ba. Kafin la'asar ya cika, hannunsa a cikin nata.

Bayan an share makoki na tambaye ta abin da yake cina. Na ce, "Kaka, wa ya amsa miki ranar nan?"

"Ƙanena ne ya yi shahada," ta ce. "Sauran ban tambaya ba."

Ita ma ba ta daɗe ba bayansa.

Muna yara, abin da muka ɗauka daga labarin nan guda ne: kada ka amsa kiran da ba ka ga mai shi ba. Da na girma sai na ga ba tsoro kaɗai ta ba mu ba. Nakan yi tunanin mutumin nan da ya baro ƙasarsa ya zo cikin duwatsunmu, yana ɗauke da sunan garin da babu shi, yana ganin in ya faɗi babu mai ɗauka. Ba na jin mugu ne. Kaɗaici ne ya yi masa yawa har ya sauke kayansa a kan wanda bai isa ya ce a'a ba, kuma manya sukan yi wa yara haka da kyakkyawar niyya, ba Turawa kaɗai ba. Nakan kuma yi tunanin Kaka, wadda ta yi rayuwarta duka tana tsare ƙanenta daga kalma ɗaya, amma da ta ga ita ce kaɗai ƙofar da ta rage a isa gare shi, ta buɗe ta da bakinta.

Baba Umaru bai bar ɗa namiji ba, kuma babu jikan da aka yi wa laƙabin. Iya sanina, yanzu babu mai amsa shi ko a nan ko a can. Sau ɗaya, bayan na yi aure, ina kicin ni kaɗai da rana tsaka, na faɗe shi a fili don in ji yadda yake a baki. Na sami kaina tsaye da ludayi a hannu, ina saurare, na daɗe fiye da yadda ya kamata. Ban sake ba.